Haifaffun 19 ga Mayu

Ƙannena da 'ya'yana, mutum huɗu nake so mu zauna a kansu, waɗanda duk ranar 19 ga Mayu ake tunawa da haihuwarsu. Babbansu shi ne Ho Chi Minh, jagoran ƙwatar 'yancin Biyetnam, wanda ƙasarsa ke lissafin haihuwarsa daga 1890. Sai Yuri Kochiyama a 1921, Malcolm X a 1925, da autarsu Lorraine Hansberry a 1930. Ukun nan na baya 'yan Amurka ne, kuma Allah Ya haɗa hanyoyinsu a unguwar Harlem ta birnin New York.

Kada wani ya zaci zancen taurari zan kawo. Rana ba ta ba mutum hali, kuma a wannan rana an haifi dubban jarirai da suka girma suka tsufa ba wanda ya ji ɗuriyarsu. Abin da ya ja hankalina shi ne, kowanne daga cikin huɗun nan, kafin duniya ta ji amonsa, ya daɗe a duƙe kan takarda yana koyo, a inda ba mai ganinsa balle ya yaba masa. Ku kuwa kun taso a zamanin da ake jin muryar mutum tun bai koyi komai ba. Yaro zai sayi data da safe, kafin azahar ya zama mai sharhi kan siyasa da addini da tattalin arziki, mutum dubu suna sa masa albarka. Ban raina wannan dama ba, na ma taya ku murnar samunta. Tsorona kawai kada ta hana ku zaman almajirancin da ya gina mutanen da kuke liƙa hotunansu.

Mu fara da Malcolm, tunda shi kuka fi sani. Hotonsa kuka sani dai: dogo, da tabarau, ya ɗaga yatsa, an rubuta wata magana mai zafi a ƙasa. Kaɗan ne daga cikinku suka san mahaifiyarsa Louise, 'yar tsibirin Grenada, wadda ke aika wa jaridar Marcus Garvey mai suna Negro World rahotanni. Takan zaunar da 'ya'yanta su karanta mata jarida da ƙarfi, in suka yi tuntuɓe da wata kalma ta tura su ga ƙamus. A 1931, Malcolm yana ɗan shekara 6, aka tsinci mahaifinsa a kan layin taragon lantarki a garin Lansing, ya ji raunin da bai tashi ba. Iyalin sun yi imani turawa masu ƙin baƙar fata ne suka kashe shi. Talauci da baƙin ciki suka taru a kan Louise har aka kai ta asibitin masu taɓin hankali, inda ta shafe fiye da shekara 20, aka rarraba 'ya'yan gida-gida. A makaranta Malcolm yana cikin na gaba-gaba, amma da ya ce wa malaminsa lauya yake son zama, malamin ya ba shi shawarar ya koyi kafinta, wai shi ne daidai da baƙar fata. Daga nan zuciyarsa ta fita daga karatu. Ya faɗa caca da ƙwaya da fasa gidaje a Boston da Harlem, har a 1946 aka yanke masa ɗaurin shekara 8 zuwa 10, yana ɗan shekara 20.

A gidan yari ya gane cewa bakinsa yana da kaifi amma hannunsa ba ya iya haɗa wasiƙa guda mai kyau. Sai ya nemi ƙamus da takardu da fensir, ya fara kwafewa daga shafin farko, kalma bayan kalma, har da ɗigo da waƙafi. In ya gama shafi ya karanta wa kansa da ƙarfi, gobe ya ɗora. Duk wanda ya riƙe allo a tsangaya ya san wannan hanya: ka rubuta, ka biya, ka wanke, ka sake rubutawa, har karatu ya zauna. In an kashe fitilu da dare, sai ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa, yana karatu da ɗan hasken da ke shigowa daga waje, in ya ji takun gandiroba ya koma gado. A kurkukun Norfolk ya shiga ƙungiyar muhawara ta fursunoni. To, wannan bakin da ya gagari 'yan jaridar Amurka da farfesoshinta, a can aka wasa shi, cikin shekara shida da ba mai tafa masa.

Da ya fito a 1952 ya zama kakakin ƙungiyar Nation of Islam ta Elijah Muhammad, ya jagoranci masallacinta na Harlem, ya kuma kafa mata jaridar Muhammad Speaks. Koyarwar wannan ƙungiya a lokacin ta yi hannun riga da Musuluncin da muka sani. Suna ɗaukar Elijah Muhammad manzo, suna cewa farar fata shaiɗanu ne. Malcolm ya yi shekara 12 yana wa'azin wannan da iyakar ƙarfinsa.

A nan nake so ku kasa kunne. A farkon shekarun 1960 wani saurayi ɗan Sudan mai suna Ahmed Osman, ɗalibi a kwalejin Dartmouth, ya je masallacin Harlem, ya miƙe a cikin taro ya ƙalubalanci Malcolm, ya nuna masa cewa Musulunci ba ya auna mutum da launin fatarsa. Ku duba tazarar da ke tsakaninsu. Ɗaya sunansa ya cika ƙasa, mabiyansa sun kewaye shi, ɗaya kuwa baƙo ne, yaro. Malcolm bai sa an fitar da shi ba. Suka riƙa musayar wasiƙu, saurayin yana aika masa littattafai, shi kuma yana karantawa. Wasu abubuwa suka ƙara buɗe masa ido: ya gano cewa shugaban da yake ganin ba ya kuskure ya haifi 'ya'ya da sakatarorinsa, sannan a ƙarshen 1963 aka dakatar da shi daga yin magana. A watan Maris na 1964 ya bar ƙungiyar, a Afrilu ya sauke farali. Daga Makka ya rubuto wasiƙa yana shaida wa duniya cewa ya ci abinci a kwano ɗaya da Musulmi farare, ya yi salla a sahu ɗaya da su, kuma abin da ya gani ya tilasta masa sauya ra'ayin da ya daɗe a kai. Ya dawo da sunan Alhaji Malik El-Shabazz. A watan Mayu ya biyo ta Nijeriya, ya yi jawabi a Jami'ar Ibadan, inda ɗalibai Musulmi suka raɗa masa suna Omowale, ya wuce Ghana ya gana da Kwame Nkrumah.

A wurina wannan shi ne mafi girman abin da Malcolm ya yi, ya fi duk jawabansa. Mutum mai shekara 38, wanda suna da mabiya da abin sawa a bakin salati duk a kan waccan koyarwa suke, ya fito fili ya ce ya ga gaskiya a wani wuri kuma zai bi ta, alhali ya san hakan na iya cin ransa. Yanzu ku tambayi kanku: in wani ya zo ƙarƙashin rubutunku ya ce hadisin nan bai inganta ba, ko hoton nan tsoho ne daga wata ƙasa, me kuke yi? Na sha ganin yadda ake ƙarewa. A toshe shi, ko a tara masa 'yan kore su zage shi tas, rubutun kuwa ya ci gaba da yawo da ƙaryarsa. Wanda ba ya jure gyara daga na ƙasa da shi bai shirya yin magana da yawun jama'a ba, ko da mabiyansa sun kai miliyan.

Lorraine Hansberry ta taso cikin rufin asiri a Chicago, mahaifinta Carl dillalin gidaje ne. Tana 'yar shekara 8 suka koma wani gida a unguwar da turawa suka yi yarjejeniyar ba za a sayar wa baƙar fata ba. Gungun mutane suka kewaye gidan, aka jefo dunƙulen siminti ta taga, saura ƙiris ya same ta. Mahaifiyarta takan kwana tana zagaye cikin gida da bindiga a hannu. Mahaifin ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, ya kuma yi nasara a 1940. Baffanta William Leo Hansberry malamin tarihin Afirka ne a Jami'ar Howard. Nnamdi Azikiwe yana cikin ɗalibansa, kuma daga baya Jami'ar Nsukka ta sa wa cibiyarta ta nazarin Afirka sunansa.

'Yar irin wannan gida, da ta isa New York ta shiga jaridar Freedom ta Paul Robeson a 1951, ba kujerar edita aka ba ta ba. Ita ce mai rubuta sunayen masu biyan kuɗin jarida, ita ce mai amsa waya, ita ce mai buga tafireta. A hankali aka fara ba ta labarai, ta rubuta kan gwagwarmayar Kenya da Masar da Ghana, tana kuma ɗaukar karatu a wurin dattijo W. E. B. Du Bois. Shekara takwas bayan haka, ranar 11 ga Maris 1959, aka fara nuna wasan kwaikwayonta A Raisin in the Sun a dandamalin wasanni na Broadway, karo na farko da wasan baƙar mace ya hau wannan dandamali. Labarin wani iyali ne matalauta da ke son komawa unguwar turawa, a ciki har da wani ɗalibi ɗan Nijeriya. Abin da ta gani da idonta tana ƙarama shi ta rubuta, amma sai da ta koyi sana'ar tukuna.

Ku 'yan mata musamman, ku riƙe sunanta. A watan Mayu na 1963 tana cikin waɗanda marubuci James Baldwin ya tara suka gana da Robert Kennedy, ministan shari'a kuma ƙanen shugaban ƙasa. Da ta ga ba ya sauraron kukan matasan da ake duka a kudancin ƙasar, ta faɗa masa abin da ke ranta, ta miƙe ta fita. Ciwon daji ya ɗauke ta ranar 12 ga Janairu 1965, tana da shekara 34. Malcolm, duk da ana farautar ransa a lokacin, ya halarci jana'izarta a Harlem. Kwana arba'in cif bayan rasuwarta, ranar 21 ga Fabrairu, aka harbe shi a zauren Audubon yana shirin fara jawabi, yana da shekara 39.

Da aka buɗe wuta mutane suka kwanta a ƙasa, wasu suka nufi ƙofa. Wata mata 'yar asalin Japan, mai 'ya'ya shida, ta ruga zuwa dandamali ta tallafe kansa a cinyarta. Mujallar Life ta buga hoton. Ita ce Yuri Kochiyama.

Labarinta ya fi na sauran kama da rayuwar yawancinmu, domin ba ta taɓa riƙe muƙami ba. A garin San Pedro na jihar California aka haife ta, mahaifinta fataken kifi ne. Ta karanta aikin jarida, tana rubuta labarin wasanni a jaridar garinsu, siyasa ba ta dame ta ba. Ranar 7 ga Disamba 1941, da Japan ta kai hari Pearl Harbor, jami'an FBI suka zo suka tafi da mahaifinta, bai daɗe da fitowa daga tiyata ba. Bayan makonni aka sako shi, washegari ya cika. A shekarar da ta biyo bayan harin gwamnati ta kwashe mutum kusan 120,000 'yan asalin Japan, yawancinsu haifaffun Amurka, ta tsare su a sansanoni. Iyalin Yuri an fara ajiye su a bargar dawaki ta filin sukuwa na Santa Anita, sannan aka wuce da su sansanin Jerome a jihar Arkansas. A tsaren nan ta tara 'yan mata suka riƙa rubuta wa samarin al'ummarsu da ke fagen daga wasiƙu, don kada su ji an manta da su. Wannan ɗabi'a ba ta bar ta ba har tsufa. Shekaru da dama tana zama da dare tana rubuta wa fursunonin siyasa wasiƙa da hannunta, tana ajiye sunan kowa da inda aka tsare shi da ranar shari'arsa.

A 1960 ta koma Harlem da mijinta Bill. A watan Oktoba na 1963, a harabar wata kotu a Brooklyn, ta kutsa cikin taro ta gaisa da Malcolm, ta yaba masa, ta kuma faɗa masa a fuskarsa cewa ba ta yarda da matsayinsa kan zaman cuɗanya da turawa ba. Bai ɓata rai ba, ya gayyace ta su tattauna. A watan Yuni na 1964 ya je gidanta ya gana da waɗanda suka tsira daga bam ɗin Hiroshima da Nagasaki, kuma da ya shiga yawon ƙasashe ya riƙa aiko mata katin gaisuwa. Ita da mijinta suna cikin waɗanda suka nace har a 1988 gwamnatin Amurka ta nemi gafara ta kuma biya kowane wanda ya rage a raye cikin tsararrun sansanonin dala 20,000. Kun ga, shekara 46 tsakanin zalunci da neman gafara. Ta rasu a 2014 tana da shekara 93.

Ba zan ɓoye muku inda ta zame ba. A wata hira a 2003 ta bayyana cewa Osama bin Laden yana burge ta, ta kuma taɓa goyon bayan 'yan tawayen Peru da suka kashe ƙauyawa da yawa. Fushinta da gwamnatin ƙasarta ya kai ta ga ganin duk mai gaba da Amurka a matsayin gwarzo. Mu da muka binne 'yan'uwa saboda masu tayar da bam a kasuwa da tasha da masallaci, mun san abin da wannan magana ke nufi a ƙasa. Ina girmama wasiƙunta da juriyarta, kuma ina cewa a nan ta yi kuskure babba. Ku koyi riƙe abu biyun tare. Wanda aka zalunta ma yana iya kuskuren hukunci, kuma maƙiyin maƙiyinka ba dole ne ya zama mutumin kirki ba.

Ho Chi Minh kuwa darasinsa ya fi ɗaci. A 1911 ya bar ƙasarsa a matsayin yaron kuku a jirgin ruwan Faransa, ya ga tashoshin Afirka da yadda ake wulakanta mutanenta. A Paris yana gyaran hotuna don ya ci abinci. A 1919 ya miƙa wa taron sulhu na Versailles takardar neman haƙƙin mutanensa, ba wanda ya kula shi. A 1922 shi da wasu 'yan Afirka da 'yan tsibiran Karibiyan suka fara buga jaridar Le Paria, suna tona asirin mulkin mallaka, shi ne mai rubutu, shi ne mai zane, shi ne mai rabawa. Jaridar Thanh Nien da ya kafa a ƙasar Sin ranar 21 ga Yuni 1925 ita ce dalilin da ya sa har yau Biyetnam ke bikin ranar 'yan jarida a wannan rana. Ya ayyana 'yancin kai a 1945, kuma a 1954 mutanensa suka karya sojan Faransa a Dien Bien Phu, abin da ya ƙarfafa gwiwar duk ƙasashen da Faransa ke mulka.

To amma da mulki ya zo hannu fa? Rabon filayen noma da gwamnatinsa ta yi tsakanin 1953 da 1956 ya ci rayukan dubban mutane, har ita kanta ta fito ta amsa an tafka kurakurai. A wannan shekara ta 1956 wasu marubuta a Hanoi suka fara buga mujallar Nhan Van suna neman 'yancin faɗin albarkacin baki. Kafin shekara ta ƙare aka rufe ta. Wasu aka tura su aikin ƙarfi, wasu aka ɗaure su shekaru. Mutumin da ya san zafin a toshe masa baki, a ƙarƙashinsa aka toshe na wasu. Wasunku za su zama kansiloli, shugabannin ƙungiyar ɗalibai, kwamishinoni, masu ba gwamna shawara kan yaɗa labarai. Ranar da wani yaro ya rubuta abin da ya sosa muku rai, kuma lambar DPO tana cikin wayarku, ranar ce za a san ko 'yancin magana kuke so ko dai naku bakin kaɗai kuke so a ji.

Saboda haka ga abin da nake roƙonku. Ku zaɓi abu ɗaya da ke kusa da ku ku san shi ciki da bai: makarantar firamaren unguwarku da rufinta ya yaye, asibitin da ba magani, rijiyar burtsatsen da aka ce an haƙa. Ku je da ƙafarku. Ku rubuta rana da wuri da adadi, ku ji ta bakin wanda ake zargi kafin ku buga, ku ajiye takardunku. Ku karanta littafi guda daga bango zuwa bango kafin ku ciro layi ɗaya daga cikinsa ku yaɗa. Tarihin rayuwar Malcolm da ya tsara tare da Alex Haley, wanda ya fito a 1965, wuri ne mai kyau na farawa. In aka ba ku ƙaramin aiki a gidan rediyo ko jarida, ko da ɗaukar jakar wakili ne, ku karɓa hannu bibbiyu.

Kada kuma ku ɗauka irin wannan aiki na sannu-sannu ba ya haifar da komai. A 1966 aka yanke wa mutum uku hukuncin kisan Malcolm. Ɗaya daga cikinsu, Talmadge Hayer, ya amsa laifinsa a gaban kotu, ya kuma ce sauran biyun ba su da hannu, amma ba a saurare shi ba. Muhammad Aziz da Khalil Islam kowannensu ya yi kimanin shekara 20 a kurkuku. Wani bawan Allah mai suna Abdur-Rahman Muhammad, wanda a lokacin sana'arsa yi wa baƙi masu yawon buɗe ido jagora ce a birnin Washington, ya shafe shekaru yana bin tsofaffin takardu, yana neman shaidun da suka rage, ba wanda ya ɗauke shi aikin. Bincikensa shi ne ƙashin bayan wani shirin Netflix da ya fito a 2020, wanda ya sa babban mai gabatar da ƙara na Manhattan ya sake buɗe fayil ɗin. Aka gano cewa FBI da 'yan sandan New York sun ɓoye hujjojin da za su iya wanke mutanen biyu. A watan Nuwamba na 2021 kotu ta soke hukuncin, shekara 55 bayan yanke shi, kuma a 2022 birnin da jihar New York suka amince su biya diyyar dala miliyan 36. Khalil Islam ya riga ya rasu tun 2009. Muhammad Aziz yana da shekara 83 lokacin da alƙali ya wanke shi.